Tambaya da Amsa: Yaya zan koya wa ma'aikatana duba marar lafiya?

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani gidan likita a nan Damargu, kuma bana aka ɗora mani majo, wato shugabanci, a kan wasu matasa da ba su daɗe da fitowa daga makaranta ba. Ba malalata ba ne, sun iya allura, sun iya ɗaura ƙarin ruwa. Abin da ke damuna shi ne duba marar lafiya. Uwa za ta shigo da yaro, a ce me ke damunsa, ta ce masassara, a soki yatsa, a rubuta magani, ko rigarsa ba a ɗaga ba. A damanar da ta wuce wani yaro ya suma a bayan uwarsa suna zaune a layi tun safe, ba wanda ya lura sai da wata tsohuwa ta saka salati. Allah ya sa da sauran kwana. A ɗakin kwana kuwa, in na duba takardar kan gado sai in ga numfashin kowa lamba ɗaya daga safe har dare, ka san ba a ƙirga ba.

Dukanmu mun sha zuwa horo a Damagaram, a yi kwana biyar ko shida, a dawo da jaka da littafi da takardar shaida. Mako biyu, an koma gidan jiya. Laifin horon ne ko namu? Kuma ni da ba ni da kuɗi, ba ni da majigi, ta ina zan fara?

Ƙanwarka, daga Damargu.

AMSA

Ƙanwata, Allah ya taya ki riƙo. Abin da aka koya maku a Damagaram daidai ne, littafin da ke cikin jakar ma daidai ne. Wurin koyarwar ne aka kuskure. Duba marar lafiya aikin ido ne da hannu da kunne, su kuwa a bakin gado suke koyo, ana yi ana maimaitawa, babba na tsaye yana gyarawa.

An auna wannan magana. A 2018 mujallar Lancet Global Health ta buga aikin da Alexander Rowe da abokansa suka yi, inda suka tattara bincike fiye da 300 daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Horo shi kaɗai ya ƙara wa ma'aikata bin ƙa'ida da kamar maki 10 cikin 100. Da aka haɗa shi da bibiya a wurin aiki, sai ya kai wajen 18. A asibitin Haydom na Tanzaniya an yi wa masu karɓar haihuwa horon kwana ɗaya kan farfaɗo da jaririn da aka haifa bai yi numfashi ba. Watanni bayan nan, in an ba su ƴar tsana sun iya, amma a ɗakin haihuwa hannunsu bai sake ba. Sai aka ajiye ƴar tsanar a cikin ɗakin, kowa ya riƙa gwadawa na ƴan mintoci a kai a kai. Daga nan ne mutuwar jarirai a kwanan farko ta sauko daga 11 zuwa 7 cikin 1000. Kin ga ke nan rashin majigi ba zai hana ki komai ba.

Mu kuma faɗa wa juna gaskiya: kuɗin zama ya ɓata mana sha'anin horo. Sau da yawa wanda sunansa ke fita a takardar tafiya ba shi ne ke gardin dare ba, kuma in ya dawo ba mai tambayarsa ya koya wa sauran ko abu ɗaya. Daga yau, duk wanda ya dawo daga horo a ƙarƙashinki, ya biya bashi: ya tsaya a bakin gado ya nuna wa ƴan'uwansa abin da ya gano.

Damargu ta fi wurare da yawa bukatar wannan fasaha, kuma dalili shi ne nisa. Daga Tanut zuwa Damagaram kusan kilomita 150 ne a kan hanyar Agadas, wannan ma ga wanda ya riga ya iso bakin hanya. Wanda ya taso daga mashekari a ƙasar Tenhiya, ko daga wani ƙauye na Tarka, ya riga ya ci wuni a kan amalanke ko babur kafin ki gan shi. Yanke Belbeji daga Tanut da aka yi a 2011 ya kawo hukuma kusa, amma rairayin yana nan yadda yake. Saboda haka marar lafiya yakan zo a makare, kuma dubawar farko ita ce ke yanke hukunci: a yi magani a nan, ko a kira mota tun rana ba ta faɗi ba. Alamar da aka tsallake da hantsi a Yamai ana iya kama ta da azahar, likita na kusa, jini na kusa. A wurinku takan zama asarar dare guda.

Ki fara daga layi, tun da can yaron ya faɗi. Wanda ya riga zuwa ya riga shiga, wannan adalci ne a wurin awon hatsi, amma a ƙofar likita yana kashe yara. Ki sa mutum ɗaya kullum, aikinsa ya bi layi yana kwance goyo yana duba fuska, ya kuma sake bi duk bayan rabin awa. Dubawar ba ta kai minti ɗaya ba. Yana numfashi, ko yana fama da shi? Harshe ya yi shuɗi? A taɓa hannu: in da sanyi, a danna farce a saki, in jini bai dawo ba bayan daƙiƙa 3 kuma bugun jijiya na sauri ba ƙarfi, wannan yaro ya fita layi. Idonsa biyu, ko sai an kira shi, ko sai an mintsine shi, ko ko mintsini ba ya ji? Yana jijjiga? Yana zawo, ido ya faɗa, jiki ya saki? Ko ɗaya aka gani, a wuce da shi ciki nan take. Ki nanata masu cewa mai tsala kuka yawanci da sauran ƙarfinsa. Wanda ya yi lamo a baya, uwa na cewa barci yake, shi za a fara buɗewa.

Makiyayi a bakin rijiya, garke na ta turereniya, yakan nuna saniya ɗaya ya ce waccan ba ta da lafiya, daga tafiyarta da yadda ta saki kunne. Kullum yana kallon masu lafiya, kuma tun yana yaro ubansa ke ce masa duba waccan, me ka gani. Haka za ki yi da matasanki: ki tsaya da su a kan layi, ki nuna yaro, ki ce me kika gani, ki yi shiru sai ta faɗa.

Wannan tsari na bin layi ana tantancewa shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2005, wanda kuke kira TETU. A asibitin Queen Elizabeth da ke Blantyre a Malawi, Elizabeth Molyneux da abokan aikinta sun gyara ƙofar shiga, suka koyar da tantancewa, suka ware wurin gaggawa. Rahotonsu na 2006 ya nuna mutuwar yaran da aka kwantar ta sauko daga kashi 10 zuwa 18 cikin 100, ta koma 6 zuwa 8. Tsarin ya kuma ce a koya wa duk wanda ke fara haɗuwa da marar lafiya, har mai gadi da mai shara da mai yanka karne. Kada ki raina su. A nan kusa da ku, a Mirriya, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa iyaye mata auna dantsen ƴaƴansu da zaren awo mai launi, kuma awonsu bai gaza na ma'aikatan unguwa ba. In uwar da ba ta shiga lakwal ba ta iya wannan, mai gadi zai iya gane yaron da ke jijjiga ya kira ki.

Sai ƙirga numfashi, wanda shi ne alamar da ta fi arha, aka kuma fi yin ƙarya a kanta. Minti guda cur, riga a ɗage, yaro a kwance a cinyar uwa, kafin a kusance shi da allura ko ma'aunin zafi. Jariri ƙasa da wata 2, numfashi 60 ko fiye ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa shekara, 50. Daga shekara zuwa 5, 40. A duba kuma ko ƙasan ƙirji na lotsawa ciki lokacin da yake jan iska. Hanyar koyarwa mai sauƙi ce: mutum biyu su ƙirga yaro ɗaya a lokaci ɗaya, ba magana, kowa ya rubuta a takarda, a gwama. In bambanci ya wuce biyu, a sake. Ranar farko za a sha dariya da kunya. Kafin wata ya ƙare hannu ya faɗa.

Akwai tarko biyu da nake so ki daɗe a kansu, domin su ne ke cin ma'aikaci mai ƙwazo.

Na farko TDR, gwajin sukar yatsa na masassarar sauro. Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da masassarar sauro ke kan ganiyarta, gwajin yakan fito da layi biyu ga yara da yawa, kuma da ya fito sai a rufe ido. Amma gwajin na iya ci gaba da nuna layi biyu makonni bayan an kashe ƙwayar cutar, kuma yaro mai cutar sauro na iya ɗauke da ciwon haƙarƙari a lokaci guda. Jihar Damagaram ta ga sanƙarau daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, ta ga mashaƙo a 2023. Babu ɗayansu da sukar yatsa ke nunawa. Sanƙarau sai an lanƙwasa wuya, an shafa maɗigar jariri an ji ko ta kumbura. Mashaƙo sai an buɗe baki da tocila an leƙa maƙogwaro, an shafa wuya. Ki kafa doka ɗaya a ɗakin awo: ba a ɗaukar biro sai an tuɓe yaro an duba shi daga kai har tafin ƙafa.

Na biyu tamowa, wadda tun yunwar 2005 kowa a Damargu ya san zaren awonta: ja, ƙasa da milimita 115, ko kumburin ƙafafu biyu in an danna daƙiƙa 3 ya bar rami. Gane ta ba wuya. Wuyar ita ce jikin mai tamowa yana yaudarar mai dubawa. Fatarsa dama a sake take, idonsa dama a faɗe yake, sai matashi ya ga alamun ƙarewar ruwa ya ɗaura ƙarin ruwa da sauri, zuciyar da ba ta da ƙarfi ta kasa ɗauka. Tambaya ɗaya ke raba gardama, kuma uwa ce kaɗai ke da amsarta: idon nan jiya ya faɗa bayan zawo, ko ya daɗe haka? Sannan mai tamowa na iya ɗauke da cuta mai tsanani jikinsa ba zafi. Sanyin jiki a wurinsa ya fi zafi ban tsoro, kuma sau da yawa tare yake zuwa da faɗuwar sukari a jini.

A nan zan ɗan ratse kan abin da littattafan Hukumar Lafiya ta Duniya ba su cika tunawa da shi ba. Sun ce a duba farin tafin hannu don gane ƙarancin jini. To tafin da ya sha lalle fa? A ja fatar ido ta ƙasa, a duba harshe da dasashi. Haka wanda ke sa tufafi masu shuni, kamar yadda ake gani ga Buzaye, fatarsa na iya yin shuɗi lafiyarsa lau. Harshe ne ba ya rina.

Kunne kuma shi ne rabin aikin. Me ke damunsa tambaya ce mai amsa ɗaya, masassara. Ki koya masu su tambayi abin da ake iya gani: yana kama nono? Duk abin da ya sha yana dawowa? Ya yi taune-taune a gida ko a hanya? Yaushe rabonsa da fitsari? Sannan tambayar da aka fi jin nauyi, me aka yi masa kafin a zo. An cire beli? An yi sakiya? An ba shi jiƙo, ko ƙwayoyin ƴan tebur? Jaririn da wanzami ya cire wa beli shekaranjiya, yau ya ƙi nono, labarinsa dabam ne, kuma ba za ki ji labarin ba in uwa ta san faɗa za a yi mata. Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan sun fitar da littafi a 2003 kan yadda ake karɓar marasa lafiya a manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai, kuma abin da suka tarar na tsawa da rashin saurare duk wanda ya taɓa zaman jinya ya san shi. Tsawa na toshe bakin da ke riƙe da rabin bayanin cutar. A ƙasarku akwai kuma matsalar harshe. Bafillata ko Buzuwa da ba ta jin Hausa sosai, in mai yi mata tafinta ƙanen mijinta ne, ba za ta ambaci zubar jini ko ciwon mara ba ko da za ta mutu. Ki san tun yau wace mace ce, cikin ma'aikata ko maƙwabta, ke jin Fillanci ko Buzanci, wadda za a iya tasowa ko da tsakar dare.

Irin wannan kunyar ita ce ta sa fuskar mai naƙuda ba abin dogaro ba ce. An tarbiyyantar da ita ta cije, musamman a haihuwar fari. Don haka a auna. Tansiyo 140 bisa 90 abin bibiya ne, 160 bisa 110, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, gaggawa ce kafin jijjiga ta zo. Bayan haihuwa, awa biyu na farko, duk minti 15 a taɓa jijiya, a shafa mahaifa a ji ta dunƙule, a ɗaga zane a duba. In bugun jijiya ya zarce lambar sama ta tansiyo, jini na tafiya ko da matar na hira. Ido kuwa yawanci rage jini yake yi. Binciken E-MOTIVE da aka buga a 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ke cikin jagororinsa, ya gwada leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mai haihuwa a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, tare da ba da magunguna gaba ɗaya da zarar awon jinin ya kai iyakar da aka sa. Zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayanta sun ragu da kashi 60 cikin 100. In ba ku da ledar, ki jiƙa rabin lita na ruwa da jan launi, ki zuba a kan zane a gabansu, ki ce kowa ya faɗi nawa ne. Wanda ya ga yadda rabin lita ke ɓacewa cikin zane ba zai sake cewa jini kaɗan ne ba.

Takardar kan gado da kika ce lambarta ba ta sakewa, kada ki fara da hukunci. Mutum ɗaya ne da gadaje da yawa, an ce ya auna kowa, ya san kuma ba mai karantawa, sai ya cika gurbi. Gyaran ta fuska biyu ne. Ki rage masu aiki: mai samun sauƙi sau biyu a wuni ya isa, mai tsanani a jawo gadonsa kusa da teburin gardi a auna shi duk awa. Ki kuma ba lambar daraja: ki ja layi da jan biro a takardar, ki rubuta a bango abin da za a yi da wanda za a kira in awo ya tsallake layin. Ki faɗa a gaban kowa cewa gurbin da aka bari fari ya fi maki lambar ƙarya, kuma wanda ya tashe ki da dare, ko ya tashi lokotoro, aka zo aka tarar ba komai, ba za a yi masa gori ba. Matasa da yawa sun ga alamar, tsoron a ce sun cika azarɓaɓi ne ya sa suka jira asuba.

Miƙa gardi a yi shi a bakin gado, ana kallon marar lafiya. Kiran waya kafin tura mutum Tanut ko Damagaram ya ƙunshi magana huɗu: wane ne, me ya kawo shi, me na auna da ƙarfe nawa, me na ba shi. A rubuta su a takardar da zai tafi da ita.

Duk wannan ba ya bukatar ranar musamman. Minti 15 da safe wurin miƙa gardi, alama ɗaya a mako. Wani lokaci ki naɗe zane ki shigo da gudu ki ce ga yaro yana jijjiga, ki duba agogo ki ga minti nawa za a ɗauka kafin a juya shi gefe, a nemo magani, a tuna da sukari. Za ki gano makullin kabad na aljihun wanda ya tafi kasuwa. Ƙarshen wata ku zauna a kan takardun waɗanda suka rasu cikin awa 24 da zuwansu da waɗanda aka tura gaba, ba kiran suna: ƙarfe nawa ya iso, ƙarfe nawa aka fara duba shi, wace alama ce ta fara bayyana, ƙarfe nawa aka motsa. Rai na Allah ne, ba mai ja. Awannin da ke tsakanin isowa da dubawa kuwa namu ne, kuma ana iya ƙirga su.

Ba zan ɓoye maki iyakar abin ba. Ido mai kaifi ba ya zuba wa motar asibiti esans, ba ya kawo jini, ba ya mai da ma'aikaci ɗaya biyu a watan Satumba. Akwai kuma kayan da ya kamata ki nema a rubuce daga babban lokotoron gunduma: ma'aunin tansiyo mai aiki, na'urar awon sukari da takardunta, da ƴar na'urar da ake maƙala wa yatsa don awon iskar jini, wadda in ta nuna ƙasa da 90 ake neman oksijan ko mota. Ki nema, ki sake nema, ki ajiye kwafi.

Ga masu zuwa bibiya daga gunduma, a Tanut da Belbeji duka, roƙona ɗaya ne. In kun zo, bayan kun gama ƙirga rajista da kwalayen magani, ku ja kujera ku zauna awa ɗaya kusa da matashin da ke awo, ku ga yadda yake duba yara biyar, ku gyara masa a hankali bayan uwa ta fita. Ke kuma ƙanwata, kada ki jira su: gobe da safe ki sa mai bin layi, ranar Litinin ku fara ƙirga numfashi.